Shonda Rhimes da kujerar marubucin da ke riƙe da shirinsa

Wata ƙanwata daga Gwammaja, cikin masu rubuta littattafai suna sayarwa ta WhatsApp, ta aiko da tambaya. Ta ce ta daɗe tana ganin sunan Shonda Rhimes a jikin shirye-shiryen Amurka da take kallo, yau a ce ita ta rubuta, gobe a ce ita ce furodusa. Tana so ta san yadda matar ta kai wannan matsayi, da abin da ya raba rubutunta da na sauran marubuta, da kuma ko akwai abin da mai son shiga rubutun fim mai dogon zango a nan Kano zai tsinta a wurinta.

Ƙanwata, zan ɗan ja ki da nisa, sai ki yi haƙuri da ni. Abin da nake so ki fara riƙewa shi ne, salon da ake yaba wa Shonda Rhimes ya iso gaban mai kallo ne don ita ke da ta-cewa a kan shirin tun daga takarda har ɗakin tace hoto. Da a ce irin marubutan nan ce da ake karɓar labari a hannunsu, a biya su, a ce sai an neme su, da rabin abin da ya sa aka san ta a lokeshan zai zube. Shi ya sa ba na raba tarihin aikinta da salon rubutunta.

An haife ta a Shikago ranar 13 ga Janairun 1970, auta a cikin 'ya'ya shida, a gidan da uwa da uba duk harkar jami'a suka yi. Tana sakandare ta yi aikin sa-kai a wani asibiti, abin da ya zo ya yi mata rana daga baya. Ta gama Kwalejin Dartmouth a 1991, ta ɗan taɓa aiki a kamfanin talla, sannan ta tafi Los Angeles ta yi digiri na biyu a kan rubutun fim a Jami'ar Kudancin Kalifoniya. Daga nan sai shekarun da ba a cika ba da labarinsu ba, na ƙananan ayyuka don a ci abinci da rubutun da aka saya aka ajiye ba a ɗauka ba. A 1999 tana cikin waɗanda suka rubuta wa tashar HBO fim a kan rayuwar Dorothy Dandridge, wanda Halle Berry ta fito a ciki. A 2002 ta rubuta Crossroads, fim ɗin da aka gina don mawaƙiya Britney Spears, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. A 2004 ta rubuta wa Disney kashi na biyu na The Princess Diaries. Duk waɗannan ƙodago ne. Ta rubuta ta miƙa, wani ya ba da umarni, wani ya yanke abin da ya ga dama.

A fim na sinima a Amurka darakta ne mai gida. A talabijin kuwa abin ya juya. Marubucin da ya ƙirƙiro shirin shi ke zama jagoransa, daraktoci kuma baƙi ne, wannan ya zo ya ɗauki kashi ɗaya ya tafi, wancan ya zo ya ɗauki na gaba. Ba wata ƙauna suke yi wa marubuta ba, aikin ne ya tilasta hakan. Tasha irin ABC takan so kashi 22 zuwa 24 a zango guda, kowanne minti 42 ko 43 in an cire talla, kuma kowanne yana cin kwana takwas ko tara wajen ɗauka. Ana haska wannan, ana tace wancan, ana ɗaukar na gabansa, ana rubuta wani can gaba. Babu daraktan da zai iya tsayawa a kan duka a lokaci guda. Wanda ya san inda labarin ya dosa shi kaɗai zai iya cewa wannan rigar ba ta dace da wance ba, wannan ɗan wasan kada a sallame shi don za a neme shi nan da kashi shida, wannan sin ɗin a cire shi don kuɗinsa ya fi amfaninsa. Shi ya sa aka ɗora masa kasafin kuɗi da ɗaukar 'yan wasa da amincewa da tacewar ƙarshe. Sunayen nan da kike gani a jere a farkon shiri, furodusa kaza, mataimakin furodusa kaza, da yawansu marubuta ne. Muƙaman matakala ce da suke hawa a ɗakin marubuta shekara bayan shekara.

Ita ba ta bi matakalar ba, kuma ba kasafai ake samun haka ba. Shirin farko da ta rubuta wa ABC a kan mata 'yan jarida ne masu ɗauko rahoto daga fagen daga, tashar ta ƙi karɓa, lokacin kuwa yaƙin Iraƙi ne a bakin kowa. Sai ta juya ga asibiti. Grey's Anatomy ya fara fita ranar 27 ga Maris na 2005, a tsakiyar kakar shirye-shirye, irin gurbin da ake cikewa da abin da ba a gama yarda da shi ba, kuma kashi tara kacal zangon farko ya yi. Tana da shekara 35 a lokacin, ba ta taɓa aiki a shiri mai dogon zango ba. Furodusanci tana cikin yin sa ta koye shi, tare da Betsy Beers wadda ta zama abokiyar tafiyarta a kamfaninta na Shondaland. Private Practice ya biyo baya a 2007, Scandal a 2012. Zuwa 2014 ABC ta miƙa wa kamfaninta daren Alhamis sukutum, shiri uku a jere. A 2017 ta tattara ta koma Netflix.

Akwai inda mutane ke ruɗewa, kuma tun da salo kika tambaya dole in raba miki. Ba duk abin da ke ɗauke da tambarin Shondaland ne alƙalaminta ya rubuta ba. How to Get Away with Murder na Peter Nowalk ne, wanda ya taso a ɗakin marubutanta. Bridgerton da ya fito a ƙarshen 2020 Chris Van Dusen ne ya tsara shi daga littattafan Julia Quinn, shi ma kuwa a ƙarƙashinta ya fara. A waɗannan ita furodusa ce. Ko Grey's Anatomy ɗin ma a 2017 ta miƙa ragamar yau da kullum ga Krista Vernoff. In kina son jin muryarta tsantsa, ki nemi zangunan farko na Grey's Anatomy da Scandal, sai Inventing Anna na 2022 da Queen Charlotte na 2023.

In na zauna da masu koyon rubutu, daga ƙofar asibitin nake farawa. Kowane mako ƙofar nan tana buɗewa, a turo mara lafiya, ya shigo da labarinsa da danginsa da rigimarsa. Marubuci ba ya buƙatar ya ƙago sabon faɗa tsakanin mutanen da ya fara da su, domin waje yana kawo masa kaya kullum. Da wannan dabarar Grey's Anatomy ya rayu har a 2019 ya zarce shirin ER mai kashi 331, ya zama shirin asibiti mafi daɗewa cikin waɗanda manyan tashoshin Amurka ke haskawa da dare. A Scandal ma dabarar ce dai: ofishin wata mata mai kashe wa manya gobarar abin kunya, wadda aka gina a kan Judy Smith da ta yi aiki a sashen yaɗa labarai na fadar White House zamanin Bush uba. Kowane mako wani babba zai ƙwanƙwasa da tasa matsalar. Ki gwada wannan da yawancin namu, da ake ginawa a falon Alhaji. Falo ba shi da ƙofar da ke kawo baƙi. In an yi zango biyu labari ya ƙare, sai a fara lalube: a nemo boka, a nemo wasiyyar da aka ɓoye, a buge wani da mota ya manta kowa.

Amma mara lafiyar ba don kansa kawai ake kawo shi ba, kuma nan ne gwanintarta take. Kusan duk wanda aka turo ta ƙofar nan yana ɗauke da tambayar da likitan da zai duba shi yake gudu a rayuwarsa. Bari in ƙaga miki misali da kayanmu na gida, don ki ga yadda yake aiki.

Ki ɗauka muna da ungozoma a ɗakin haihuwa na wani asibiti a cikin gari. Da safe, tana ɗaura ɗankwali, mijinta ya sanar da ita zai ƙara aure, ɗaurin aure ranar Asabar. Ba ta ce uffan ba, ta ɗauki jaka ta fita. Da dare aka kawo wata yarinya tana naƙuda, jini ya ɓalle mata, mijin direban babbar mota ne yana hanyar Legas. Matar da ta kawo ta ita ke ta sintiri, ta je ta biya kati, ta dawo da fulas, ta koma neman jini, da aka ce babu irin nata a ajiye sai ta naɗe hannun hijabinta ta ce a gwada nata. Ungozoma tana cike takarda ba ta ɗago ba, ta ce, "Ke yayarta ce?" Matar ta ce, "Kishiyarta ce." Biro ya tsaya. Ungozoma ta ɗago ta dube ta, ta ce, "To Allah Ya ba da lada," da irin muryar da ba ladan take nufi ba. Matar ta ce, "Malama, ba don ita nake yi ba, ba kuma don shi ba. Abin da ke cikin nan ƙanin 'ya'yana ne." Aka ɗebi jinin. Ungozoma ta shiga sito ta turo ƙofa, minti ɗaya, ta fito ta wanke fuska a famfo, ta ce a shigo da ta gaba.

Babu wanda ya ambaci mijin ungozoma a sin ɗin nan, amma duk mai kallo ya san a kan wa ake magana. Kuma ba a ce mata ta yi koyi da matar ba. Wataƙila a kashi na gaba ta haɗa kayanta ta tafi gidansu, wataƙila ta zauna. Aikin baƙuwar shi ne ta ɗora mata tambayar a gabanta a lokacin da ba ta da halin kauda kai.

Wani abu da ya shafi wannan. An san marubutan Grey's Anatomy da cewa in sun zo inda likita zai yi bayanin cuta ko tiyata, sukan sa alama kawai cewa nan maganar likitanci ce, su wuce su ci gaba da abin da ke tsakanin mutanen. Daga baya likitocin da ke aiki da shirin su cike gurbin. Ɗaya daga cikinsu, Zoanne Clack, likitar sashen gaggawa ce da ta zama marubuciya kuma furodusa a shirin. Wato zuciyar sin ɗin ake fara rubutawa, amma ba a haska shi sai wanda ya san aikin ya sa hannu. Mu a nan sau da yawa na biyun ne muke tsallakewa, shi ya sa likitan fim ɗinmu cuta biyu ya sani, hawan jini da "sai dai haƙuri", lauyanmu kuma ihu yake yi wa alƙali. Ga Asibitin Murtala ga na Malam Aminu Kano cike da ma'aikatan da za su ji daɗi a ce an tambaye su.

Sai zance, wanda shi ne abin da kunne ke fara kamawa. Mutanenta da sauri suke magana, musamman a Scandal, har sikirif ɗinsu yakan fi na sauran shirye-shirye yawan shafuka alhali mintunan ɗaya ne. Tana son maimaici: mutum ya kama jimla ɗaya ya faɗe ta, ya sake faɗa da ƙari, ya sake, kowane zagaye yana ƙara zafi. Sannan ga dogon jawabi, inda mutum ɗaya zai riƙe magana minti biyu ko uku ba a katse shi ba. Joe Morton, wanda ya fito a mahaifin Olivia Pope, tauraruwar labarin Scandal, da irin waɗannan jawabai ya ci kyautar Emmy ta talabijin a 2014.

A nan nake jin tsoron masu kwaikwayo, don mu ma muna da dogon jawabi, kuma namu ne ya fi kashe fim. Kin san shi: an zo ƙarshe, an tara kowa a falo, dattijo ya gyara zama ya yi gyaran murya, ya shiga nasiha a kan haƙuri da illar son zuciya, kowa ya sunkuyar da kai. Wannan dattijon ba da mutanen falon yake magana ba, da mai kallo yake, kuma babu abin da zai rasa in ba a saurare shi ba. Mai jawabi a wurin Shonda Rhimes kuwa akwai abin da yake nema a hannun wanda ke gabansa a daidai wannan lokacin. Yana so ya tsorata shi, ko ya hana shi fita, ko ya karya masa gwiwa, ko ya sa ya zaɓe shi. Galibi kuma an daɗe ana danne maganar kashi bayan kashi kafin ta fashe. In kika rubuta jawabi, ki tambayi kanki me mai maganar zai samu in ya yi nasara, me zai rasa in ya faɗi. In babu amsa, wa'azi kika rubuta, kuma masu wa'azi sun fi mu iyawa.

Matan da take rubutawa ba salihan bayi ba ne da duniya ke zalunta. Suna da buri, suna da son kai, suna yin abin da za a zage su. Olivia Pope ƙwararriya ce da babu kamarta a aikinta, amma tana tare da shugaban ƙasa mai mata. Cristina Yang, likita a Grey's Anatomy, ta fifita tiyata a kan aure, ta ce ba ta son haihuwa, kuma labarin bai hukunta ta don ya faranta wa kowa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne, in kin duba da kyau, ƙashin bayan Grey's Anatomy a shekarunsa goma na farko ba soyayyar tauraruwarsa Meredith da likita Derek ba ce, ƙawancen Meredith da Cristina ne. Mu kuwa ƙawa a fim ɗinmu aikinta biyu, ko ta zuga ko ta ƙwace miji. Duk wanda ya taɓa zama a gidan biki a Kano ya ga yadda aminai mata suke riƙe juna shekara talatin ya san an bar labari mai yawa a ƙasa.

Lokacin da ta rubuta kashin farko na Grey's Anatomy ba ta ƙayyade launin fatar taurarinta ba, ta ce a kira kowa a gwada. Likita Miranda Bailey ta cikin shirin, a ranta 'yar ƙaramar Baturiya ce mai gashi ruwan zinariya, sai Chandra Wilson, baƙar fata, ta zo gwaji ta tafi da matsayin. Da Kerry Washington ta ja Scandal a 2012, ita ce baƙar mace ta farko da ta ja shirin dirama a manyan tashoshin Amurka tun 1974. Ki lura da cewa wannan ba hukuncin marubuci ba ne. Marubuci zai iya barin gurbin a buɗe a takarda, amma wanda ke zaune a wurin gwaji yana cewa wannan nake so, furodusa ne. Haka kashe taurari. A Grey's Anatomy ta kashe George O'Malley a 2009, ta kashe Derek Shepherd a 2015 ana tsakiyar son sa, shirin kuma ya ci gaba. Marubucin haya bai isa ya yi wannan ba.

Ba wai ba ta da aibu ba. Tana da son bala'i fiye da kima. A asibiti ɗaya an yi bam a cikin jikin mara lafiya, an yi ɗan bindiga, an yi haɗarin jirgin sama a 2012, har mutum ya fara tambaya ko ba za a tashi daga unguwar ba. Scandal ya fara da kashi bakwai tsaf-tsaf, daga baya ya nutse cikin labarin wata ƙungiyar leƙen asiri ta ɓoye, ofishin da ke kawo baƙi ya zama ɗan rakiya, kuma a ganina daga nan ya fara rasa ɗanɗano. In an daɗe ana kallo kuma sai a ji kowa da bakinta yake magana, likita da shugaban ƙasa da ɗan leƙen asiri duk numfashinsu ɗaya. Muryar Meredith da ke buɗe kowane kashi ta rufe shi ma sau da yawa nasiha ce aka sa wa kiɗa. Ina gargaɗinki da wannan musamman, don ku marubutan littafi kun saba shiga zuciyar tauraro ku faɗi abin da yake saƙawa, kuma murya daga sama ita ce hanya mafi sauƙi ta ci gaba da wannan ɗabi'a a fim. Ki hana kanki ita har sai kin iya nuna tunani da abin da hannu da ido suke yi.

To mu dawo gida. Marubuci ya zama mai shirya abinsa ba baƙon abu ba ne a Kano. Bayan ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, marubutan littafi suna cikin waɗanda suka ɗauki harkar a ka. Ado Ahmad Gidan Dabino da kansa ya mayar da In Da So Da Ƙauna fim. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ita ta rubuta Juyin Sarauta kuma ita ta shirya shi. Da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta mutu, harkar ta koma dogon zango. Arewa24 ta buɗe a 2014, ta kawo Daɗin Kowa a 2015, wanda aka gina a kan gari guda mai gidaje da yawa, wato shi ma yana da ƙofofin da labari ke shigowa, kuma gungun marubuta ne ke rubuta shi. Kwana Casa'in ya zo a 2019, Labarina a 2020, sannan YouTube ta cika da shirye-shirye. Kujerar jagoran shiri tana nan a wurinmu, sai dai galibi darakta ne a kanta, kamar yadda ake danganta Labarina da Aminu Saira, ko kuma jarumin da ya mallaki tashar YouTube ɗin. Marubuci yakan karɓi kuɗinsa ya koma gida.

In kina son ganin abin da hakan ke jawowa, ki je lokeshan ɗaya ki wuni. An ari gida a Nassarawa, mai gidan ya ce ƙarfe shida iyalinsa za su dawo. Jarumar da za a fara da ita ba ta iso ba sai bayan azahar don tana wani aikin a Ɗorayi, kuma ta ce la'asar za ta wuce. Janareto ya shanye mai, an aiki yaro. An tsara sin goma sha biyar, rana ta karkata an ɗauki shida. Sai darakta ya buɗe sikirif a waya, ya haɗe sin uku su zama ɗaya, ya dubi 'yan wasa ya ce, "Kai ka nuna ranka ya ɓaci ka ce ta tafi gidansu, ke kuma ki yi kuka, ku dai faɗa yadda ya zo muku." Jawabin da kika kwana kina sassaƙawa ya tafi ke nan, tare da 'yar jimlar da kika binne a ciki don ta tashi a kashi na tara. Ban ga laifin daraktan ba, ni ma a wurinsa haka zan yi. Kuma 'yan wasanmu sun gaji iya magana da ka tun zamanin su Samanja da Kasimu Yero a talabijin, lokacin da galibi gundarin labari ake ba mutum ya ƙarasa da bakinsa. Baiwa ce, ita ke sa Hausar fim ɗinmu ta fi ta takarda rai. Amma labari mai zare da yawa da zai yi kashi hamsin ba ya jure a yi ta canza masa kalmomi babu wanda ke riƙe da lissafin abin da aka canza.

Don haka in kin tambaye ni me za ki ɗauka a wurin matar nan, ba saurin magana ba ne, ba kuma irin soyayyar da take nunawa ba. Irin wannan, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa tun 2001, ba za ta bari ya wuce ba, kuma ko ta bari, shirin da ba za a kalla da iyaye a tsakar gida ba ya rasa rabin kasuwarsa. Ita ma a ABC akwai sashen da ke duba abin da ya halatta a haska, a cikin wannan iyakar ta yi shekara goma sha biyu tana aiki. Abin ɗauka shi ne ki matsa kusa da inda ake yanke hukunci. Ki koyi karanta rubutunki da idon mai biya: gida nawa ya buƙata, 'yan wasa nawa, sin nawa ne na dare, akwai mota, akwai taron biki. Marubucin da ya san cewa taron biki ɗaya zai iya cinye kuɗin sin goma na cikin ɗaki shi zai zaɓi abin da za a sadaukar tun a takarda, maimakon a zaɓar masa da ƙarfe biyar na yamma. Ki nemi a bar ki ki riƙe kwantiniti, wato lura da cewa abin da aka ɗauka ya dace da na bayansa, a aikin wani ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba, don a nan za ki ga yadda shafi ke zama hoto, ki kuma zauna kusa da edita ki ga abin da ake zubarwa da dalilin zubar da shi.

Kafin ki kai wa kowa labari, ki zaɓi wurin da ke da ƙofa. Kano cike take da su: ɗakin haihuwa, kotun shari'a, layi ɗaya a Kantin Kwari, tashar mota, ofishin dillalan gidaje, makarantar kwana ta 'yan mata. Ki rubuta kashin farko cikakke, sannan 'yan shafuka da ke bayanin kowane tauraro, abin da yake so, abin da yake ɓoyewa, da inda zango zai ƙare. Ki san ƙarshen tun kafin a fara, domin YouTube tana da jaraba. Masu kallo za su yi ta sharhi kowane mako, kuma jin su yana da amfani, Scandal ma hirar da 'yan wasansa suke yi da masu kallo a Twitter ana cikin haskawa ta taimaka masa ya tashi. Amma in masu sharhi suka zama su ke tuƙi, za a yi ta jan labari don kada kuɗin talla ya tsaya, har a wayi gari babu wanda ya tuna da me aka fara.

Sai takarda. Na san a garin nan in ka ce a rubuta sai a ce ba ka yarda da mutane ba, musamman ke mace kuma sabuwa. Ki daure ki nema, cikin ladabi, ki tafi da yayanki ko wani babba in hakan zai fi miki sauƙi. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ba ta ɗaukar an sallama haƙƙin rubutu ga wani sai in a rubuce aka yi, wannan kariya ce gare ki, amma rigima ce ke jiran kowa in ba a fayyace ba. A rubuta nawa za a biya a kowane kashi da lokacin biya, yadda sunanki zai fito a allo, wa ya mallaki taurarin in an zo zango na biyu, ko za a iya ba wani ya ci gaba da rubutawa ba da izininki ba, da kuma cewa za ki ga tacewar kowane kashi kafin a sake shi. Wannan na ƙarshen shi za a fi yi miki gardama a kai, kuma shi ne ya fi kusa da abin da kika tambaya. In furodusa ya ce a bari sai shirin ya fara kawo kuɗi sannan a yi magana, to a rubuta wannan ɗin ma, da kason da zai zama naki da watan da za a fara lissafi.